Tsirkiya Huɗu Da Tulu Ɗaya

Mu uku ne. Biyu uwa ɗaya uba ɗaya, na ukun ɗan kawunmu ne, amma a gida ɗaya muka tashi, a wani ƙauye tsakanin Malumfashi da Ƙafur. Noma muka gada, noma kuma mu ke yi har yau. Labarin da za mu ba ku shi ne na jitar bes da muka sayo wa ƙungiyar mawaƙan ekklesiyarmu, da yadda muka kusa ɓatar da guminmu da na 'yan'uwa wajen sayenta, da daɗewar da muka yi kafin a daina kallonmu masu ɓata waƙa. Mun ji matasa a ekklesiyoyi da dama na wajen Funtuwa da Bakori da Danja suna tara kuɗi domin irin wannan kaya. In sun karanta, watakila buhunan masararsu ba za su bi hanyar da namu suka bi ba.

A wani taron matasa a Funtuwa muka fara jinta, cikin shekarar 2016. Mun ce jinta, gama da fari ba mu gan ta ba. Muna zaune can baya a kan benci aka ɗaga waƙa, sai muka ji wani abu yana tafiya a ƙarƙashin waƙar kamar rugugin hadari daga nesa, har cikin ƙirjinmu. Muka dubi mai kibod, ba shi ba ne. Muka dubi mai ganguna, ba shi ba ne. Can sai ƙaraminmu ya nuna mana wani saurayi a tsaye bayan kowa, rataye da wata doguwar jita, ba abin da ke motsi a jikinsa sai yatsu biyu. Da aka tashi muka kewaye shi, ya bar mu muka taɓa. Tun daga Funtuwa har muka sauka mota ba mu yi wata magana ba sai tata.

Ga wanda bai san ta ba, tsirkiya huɗu gare ta, duka na ƙarfe, mafi kaurin ta kai tsinken tsintsiyar kwakwa. A yawancinsu tsawon tsirkiya daga inda ta tashi zuwa inda ta tsaya inci 34 ne. Akwai 'yan ƙarafuna a gicciye bisa wuyanta, sun raba shi gaɓa-gaɓa kamar rake. Wani Ba'amurke mai gyaran rediyo, Leo Fender, shi ya fitar da irin wadda duniya ta karɓa, a shekarar 1951. Kafin wannan, makaɗa suna fama da wani ƙaton goge wanda a ke tsayarwa a ƙasa, ya kai tsayin mutum, ba gaɓa ko ɗaya a wuyansa, ga wuyar ɗauka. Jikin ta Fender kuwa katako ne curi guda, ba rami a ciki, saboda haka ba ta da murya ta kanta. Maganaɗisun da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi shi ke ɗaukar girgizarsu, ya aika ta waya zuwa amfilifaya, amfilifaya ta miƙa wa sifika. Ku riƙe wannan, gama a nan muka faɗi.

Sa'ad da muka kai maganar gaban dattawan ekklesiya, kafin a zo kan kuɗi sai wani a cikinsu, wanda dukanmu mu ke kira Baba Tsoho, ya ce a kwatanta masa abin. Muka kwatanta. Ya ce, "Ashe garaya ce." Shi kuwa ya san abin da ya ke faɗi. A gidan da aka haife shi da garaya a ke kiran iskoki. Ya sha ganin mutum ya faɗi sa'ad da tsirkiya biyun nan suka kama. Tun yana saurayi ya rabu da wannan, ya kuma sha wuya a hannun danginsa saboda rabuwar. Ba mu da bakin yi masa gardama. Malaminmu ne ya raba, ya ce, "Baba, bari yaran su gwada. In ta taimaki waƙa ta zauna. In ta danne waƙa, kai da kanka za ka ce a fitar da ita." Baba Tsoho ya ce ya ji, amma ko kwabo kada ya fito daga baiko.

Sai aka ba mu aron gonar ekklesiya damina ɗaya. Matasa maza da mata suka yi gayya, muka karɓo taki bashi, muka shuka masara. Da kakar 2017 muka sami buhu 11. Biyu suka tafi biyan taki, muka sayar da tara. Aka ce mu ukun mu je Kano mu sayo, tun da mu ne muka taɓa riƙe abin da hannunmu, watau na minti biyar ɗin nan na Funtuwa.

Muka bi ta Gwarzo, kuɗin a ɗinke cikin wandon babbanmu. A shago na biyu da muka shiga muka gan ta a rataye, ja wur, tana ƙyalli, ga sunan wani babban kamfani a kanta. Mai shagon ya sauko da ita, ya haɗa ta da wata amfilifaya mai girman akwatin amarya, ya taɓa tsirkiya ɗaya. Kwanon shagon ya amsa. Daga nan hankalinmu ya tafi. Ba mu duba wuya ba, ba mu danna gaɓa ko ɗaya ba, ba mu tambayi kuɗin amfilifayar ba. Muka yi ɗan ciniki domin kada a ce ba mu yi ba, muka biya kusan dukan abin da ke cikin wandon. Mai shagon ya ce, "Samari, da me za ku kaɗa ta?" Babbanmu ya ce, "Ai muna da lasifika a majami'a." Mutumin ya yi murmushi, ya ƙirga kuɗinsa.

Ran Lahadi majami'a ta cika har waje. Muka soka wayarmu a 'yar amfilifayar da Malam ya ke wa'azi da ita, wadda ke haɗe da lasifikar kan rufi da wani ƙaramin akwati a gaban bagadi. Muka taɓa babbar tsirkiya, sai muka ji kamar ƙudan zuma a cikin gwangwani. Muka ƙara murya. Muka sāke ƙarawa. Kafin a gama waƙa ta biyu takardar sifikar ta yage, abin ya koma fatar-fatar, sa'an nan ya yi shiru. Wata uku Malam yana wa'azi da maƙogwaronsa kaɗai, ga shi dattijo.

Daga baya muka gane dalili. Babbar tsirkiyar bes tana girgiza wajen sau 41 ne kawai a daƙiƙa ɗaya, rabin na babbar tsirkiyar jita mai shida. Murya mai zurfi haka ba ta fita sai an tura iska mai yawa, sai kuwa sifika mai fāɗi, da akwati mai girma, da amfilifaya mai ƙarfi. Lasifikar kan rufi domin maganar mutum aka yi ta, ba ta sauka can ƙasa ko kaɗan. Ƙaramar sifika kuwa in an tilasta mata sai ta yi ta kai da kawowa fiye da ƙarfinta har ta yage. Mahaifinmu bai san ko ɗaya cikin wannan ba, amma da dare muna cin tuwo ya ce, "Kun sayo garma. Ina shanun?"

Damina ta biyu dattawa suka sāke ba mu gonar, ko da ya ke ba duka suka so ba, matasan da suka zo gayya kuma ba su kai rabin na bara ba. Waken soya muka shuka. Da muka sayar, sifikar Malam muka fara gyarawa. Da sauran muka je Zariya wurin wani mutum mai ba da hayar kayan sauti, muka sayi amfilifayar bes ta hannu, wat 100, da sifika mai inci 15 a akwati ɗaya. Fatar akwatin duk ta ɗaye, amma ya bar mu muka yi awa guda muna gwadawa. Da ya karɓi jan jitarmu ya duba, ya sa farce ya ɗaga gefen sunan nan da muka biya kuɗi dominsa. Ashe manne shi aka yi. Ya ce, "Kada ku damu, ƙannena, katakon ba laifi. Wuyan ne ya lanƙwashe." Tsirkiyoyin sun yi nisa da wuyan har fensir yana wucewa ta tsakani, mu kuwa shekara guda muna zaton haka a ke yin ta, yatsunmu duk bororo. Kantar fartanya a tafin hannu ta ke, ba ta taimaki kan yatsa da kome ba. Ya ɗauko ɗan ƙaramin makulli mai kusurwa shida, ya juya ƙarfen da ke ɓoye cikin wuyan kaɗan, ya jira, ya sāke juyawa kaɗan, ya sassauko da tsirkiyoyin. Sai ga ta tana dannuwa kamar ba ita ba. Bai karɓi kome a kan wannan ba.

Mun zaci wahala ta ƙare. Ashe faɗuwa ta biyu tana gaba, ta kuwa fi ta fari ciwo, gama wannan karo ba mu da mai shagon da za mu ɗora wa laifi.

Da murya ta samu, sai kowannenmu ya so a san shi ne ke riƙe da ita. Muna karɓa bi da bi. Mun kalli waɗansu gwanaye a waya suna gudu da yatsu daga wannan kan wuya zuwa wancan, muka ɗauka kiɗan ke nan. Ko'ina waƙa ta yi numfashi sai mu cusa wani abu. Ranar bikin godiya na kaka, ga baƙi daga ekklesiyoyi huɗu, Zumuntar Mata suka fito da waƙarsu. Gwaggonmu, yayar mahaifinmu, ita ke bugun tulu, ta fi shekara talatin tana bugunsa. Ƙaraminmu ne ke riƙe da jita. Ana tsakiyar baiti na biyu Gwaggo ta ɗaga hannu, mata suka yi tsit. Ta juyo ta ce, "Ɗana, ko ka bi mu, ko ka zauna." Ya zauna. Suka ɗauki waƙarsu daga fari, ta kuwa fi daɗi. Baba Tsoho bai ce uffan ba, ya dai juya ya dubi Malam.

A daren nan Gwaggo ta aiko a kira mu. Muka same ta a tsakar gida, tulun yana gabanta da ɗan faifan soson da ta ke bugun bakinsa da shi. Ta buga sau ɗaya. Muryar nan ce dai ta Funtuwa, mai shiga ƙirji. Ta ce, "Kuna tsammani ku kuka kawo wannan murya cikin ekklesiya? Tun ba a yi auren uwarku ba ni ke yin ta." Sa'an nan ta ɗaga wata waƙa a hankali tana bugawa, ta ce kada mu saurari inda ta ke bugu, mu saurari inda ta ke bari. Muka saurara. Cikin taki huɗu sau biyu kaɗai ta ke taɓa tulun, wani lokaci sau ɗaya. A wuraren da ta bari caki ya ke shiga, da kuge, da tafi, da numfashin masu waƙa. Mu kuwa dā duk mun cike su.

Mako shida ta hana mu ɗaukar jita a gabanta. Ƙafa da tafi kawai. Tana waƙa, muna taka ƙasa inda tulu zai faɗi, wanda ya riga ko ya makara ta nuna shi da faifan. Da ta yarda muka kawo jita, sai ta lura yatsa ɗaya mu ke ja da shi, yana gajiya, kiɗan yana ɗingishi. Ta ce, "Ba ku taɓa ganin lugude ba? In wannan taɓarya ta sauka waccan tana sama." Daga ranar muka koma yatsu biyu, manuni da na tsakiya, suna karɓeɓeniya kamar mata biyu a turmi ɗaya, babban yatsa yana jingine a kan maganaɗisu. Ita ba ta taɓa riƙe jita ba, amma abin da littattafan koyon bes su ke koyarwa ke nan.

Sauran mun tsinta ne wurin mai koya mana do-re-mi. Yawancin waƙoƙin da ke cikin Littafin Waƙoƙi, da na mata ma, a kan duwatsun murhu uku su ke zaune, do da fa da so, wani lokaci a ƙara la. An kuwa ɗaure tsirkiyoyin bes yadda tsakanin kowace da mai bi mata tazarar do zuwa fa ce. Saboda haka duk inda ka sami do, fa tana kan gaɓar nan ɗaya a tsirkiya ta gaba mai siranta, so kuma gaɓa biyu gaba da fa. Do ta sama tana tsirkiya biyu gaba, gaɓa biyu gaba. In hannu ya riƙe wannan siffa, ko'ina aka kai shi a wuyan haka ta ke. Wannan ya cece mu, gama matanmu ba su tambayar kibod kafin su ɗaga waƙa. Inda muryar mai bayarwa ta faɗi ranar, nan waƙa ta ke. Aikin mai bes ne ya rage murya, ya laluba a kan tsirkiya ɗaya har ya sami do ɗinsu, sa'an nan ya shigo a baiti na biyu kamar dā ma yana nan. Muka koyi kuma kashe tsirkiyar da ba a so da gefen yatsa, gama in an bar biyu suna kuka tare sai majami'a ta cika da gurnani.

A shekarar 2020, sa'ad da aka hana taruwa saboda cutar korona, muka yi makonni ba sujada a majami'a. Jitar ta dawo ɗakinmu, ba wuta, ba amfilifaya. Muka gano in an jingina kanta da ƙyauren katako, ƙyauren yana amsawa har a ji. A nan muka yi ta bita a hankali, waƙa ɗaya sau ashirin, muna ɗauka a waya muna saurare. Waya ba ta jin kunyar kowa. Ita ta nuna mana abin da ba mu so mu sani ba, cewa a cikinmu na tsakiya ne kaɗai ba ya gudu ba ya ja da baya. Shi ne kuwa wanda mu ke yi wa dariya saboda nauyin hannu. Babbanmu, wanda ya ɗauki kuɗi a wandonsa, wanda ya fi kowa shan baƙar magana a kan buhu tara, shi waƙa ta ke ƙwace wa da zarar jama'a sun yi zafi. Ya saurari kansa sau uku, ya tashi ya fita. Mako biyu bai ci tuwo a kwano ɗaya da mu ba. Ran da aka buɗe majami'a shi da kansa ya rataya wa ƙanensa jitar, ya koma wajen inji da wayoyi, yana can har yanzu. Ƙaraminmu ya koma ganguna, inda gudun hannunsa ya ke da amfani.

Mun ɗan sami sanyi da muka ji labarin James Jamerson na birnin Detroit, wanda masana su ke lissafta shi cikin manyan makaɗan bes na duniya. Ya yi shekaru yana kaɗa wa kamfanin Motown waƙoƙin da suka zaga duniya, ba a fara buga sunayen makaɗa irinsa a bayan faifai ba sai 1971. A nan gida ma haka ne. Mamman Shata ya zauna a Funtuwa, ya rasu a 1999, har yau ba yaron da bai san sunansa ba. Amma mu ukun nan muka zauna mu ƙirga masu kalangunsa, ba mu iya kawo suna biyu ba.

Ga waɗanda ke tara kuɗi yanzu, abin da za mu ce kaɗan ne. Ku fara tambayar kuɗin amfilifaya da sifika, abin da ya ragu ku nemi jita da shi. Ta hannu mai miƙaƙƙen wuya ta fi sabuwa mai ƙyalli. Ku tafi da wanda ya iya, ko da za ku biya masa mota. Ku ɗaga jitar ku hango wuyan daga kai kamar mai duba ƙotar fartanya. Ku danna kowace gaɓa a kowace tsirkiya ku ji ko akwai mai zizar. A gaɓa ta 12 tazarar tsirkiya da ƙarfe kada ta wuce milimita 2 zuwa 3, muryar wurin kuma ta zama daidai da ta tsirkiyar a sake, sai dai ta sama. Ku jijjiga waya a raminta ku ji ko tana ƙara. Akwai masu tsirkiya biyar, ba ku bukatarsu tukuna. Akwai kuma masu ɗan batir na bolt 9 a ciki, wanda ke ƙarewa in an bar waya a soke. A ƙauye irin namu mun ga gara wadda ba ta da batir, gama ranar biki ya ke mutuwa.

Hunturun ƙasarmu kuwa ba ya raga wa katako. Da iskar nan ta busa sai wuyan tamu ya ɗan sunkuya, tsirkiyoyi su yi sama, bakin ƙarafunan gaɓa su fito suna yankan hannu. Da damina sai ya koma baya, ta fara ziza. Sau biyu a shekara mu ke taɓa ƙarfen wuyan, ba mu wuce rubu'in juyi a rana ɗaya, in ya yi tauri kuma ba mu tilasta masa. Ba mu jingina ta a bango ko barinta a rana. Bayan kowace sujada a goge tsirkiyoyi da tsumma, gama gumi da ƙura ke kashe muryarsu. In sun dushe mukan kwance su mu tafasa cikin ruwa, su bushe sarai, su ɗan farfaɗo na 'yan makonni. Inna ta ware mana tukunya guda domin wannan, ta ce kada ta sāke ganinta a madafa. Babbanmu kuma yana da dokarsa, sai inji ya tashi ya daidaita a ke kunna amfilifaya, ita ce kuma a ke fara kashewa.

Abubuwa biyu sun sāke mana tsari. Tun bayan da aka kwashe 'yan makaranta a Ƙanƙara cikin Disamba 2020, iyaye suka ƙi barin yara su fito bita da dare daga unguwannin nesa, muka mai da ita la'asar ɗin Asabar, ko da aikin gona ya yi yawa. Da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu 2023, kuɗin mai ya ninka fiye da biyu cikin 'yan kwanaki, dattawa suka ce inji na wa'azi ne da waƙa uku. Sauran waƙoƙi tulu ne da caki, na tsakiyarmu yana zaune da jitarsa a cinya yana taka ƙasa da ƙafa.

Baba Tsoho bai taɓa cewa a fitar da ita ba, bai kuma taɓa cewa ta yi ba. Wata Lahadi bayan an tashi muna naɗe wayoyi, ya tsaya a gabanmu da sandarsa ya ce, "Ku miƙo mini garayar nan taku." Muka miƙa. Ya auna nauyinta a hannu, ya juya bayanta, ya shafa inda sunan nan ya ɗaye. Ya ce wa na tsakiyarmu ya nuna masa inda ya ke dannawa in mata suna waƙa. Ya nuna masa do, da fa, da so. Baba Tsoho ya bi tsirkiyoyin da yatsa yana ƙirgawa, ya ce, "To, sauran biyun fa, na mene ne?" Ya mayar mana, ya ɗauki sandarsa.